Malam Safiyanu Gubuci da Raken da Aka Sara Don Baƙi

Haihuwarsa da asalinsa

An haifi Malam Safiyanu a farkon watan Maris na shekarar 1966, wanda ya yi daidai da watan Zulƙida na shekarar 1385 bayan Hijira, a garin Gubuci da ke cikin ƙaramar hukumar Maƙarfi ta yanzu. Sunan mahaifinsa Malam Inuwa Mai Doki, sunan mahaifiyarsa Hussaina, mutuniyar Ɗandamisa. Shi ne na uku cikin 'ya'ya shida, kuma shi kaɗai ne namijin da Allah ya raya wa iyayensa.

Dokin da ake yi wa mahaifinsa laƙabi da shi ba na hawa ba ne, na aiki ne. Malam Inuwa mai mazarƙwaila ne, yana da injin matsar rake irin na dā a bakin fadama, wanda ake ɗaura wa doki doguwar sanda ya yi ta zagayawa, ƙarafa uku suna murɗawa, ana tura rake ta nan ruwansa yana fita ta can. Ruwan ne ake dafawa a manyan kasake na ƙarfe har ya yi kauri, sannan a zuba shi a ƙananan kwanuka ya daskare ya zama mazarƙwaila.

Karatunsa

Yana da shekara biyar aka kai shi makarantar allo ta Malam Muhammadu Auwalu, a zauren gidan malamin, inda ya sauke Alƙur'ani Mai Girma a shekarar 1982, ya kuma karanta wasu ƙananan littattafan fiƙihu gwargwadon abin da zai gyara ibadarsa. A shekarar 1976, lokacin da aka buɗe firamare kyauta ga kowa, an rubuta sunansa, ya yi aji ɗaya zuwa huɗu. Bai ƙarasa ba, domin a shekarar 1980 idanun mahaifinsa sun fara rauni saboda hayaƙin murhu, babu kuma wani ɗa namiji da zai tsaya a kan kasko sai shi. Ya fita da iya karanta wasiƙa da rubuta sunansa.

Koyon sana'a

Mahaifinsa mutum ne mai zafi a wurin aiki, kuma doka ɗaya ce ya fi tsanantawa a kanta. Wata rana a shekarar 1981, Safiyanu ya ga yana da sauran ƙarfi da la'asar, sai ya sare dami shida na rake ya jingine, yana ganin ya rage wa kansa aikin gobe. Washegari aka yi rasuwa a unguwa, ba a yi aiki ba sai bayan kwana uku. Da aka matse raken, Malam Inuwa ya ɗebo ruwan a ludayi ya miƙa masa, ya ce ya shanye. Ya kurɓa ya yamutsa fuska saboda tsami.

“Shanye mana, ai girkinka ne,” in ji mahaifin. “Kai yaro, rake ba dawa ba ne da za ka zuba a rumbu. Ranar da ya rabu da saiwarsa, ranar ya fara mutuwa. Hura wuta tukuna, sannan ka ɗauki adda.”

Safiyanu ya riƙe wannan doka shekara arba'in cur bai karya ta ba. Ya kuma ƙware a dahuwa har ya zama da jin sautin tafasa kawai yake gane cewa kasko ya isa saukewa, ba sai ya ɗiga a ruwan sanyi ya gwada ba kamar yadda sauran masu sana'ar suke yi.

Aurensa

A watan Afrilu na shekarar 1988 ya auri Mukarrama, 'yar wani manomin tumatir na Taba, wadda yanzu take cikin ƙaramar hukumar Kudan. Da ita kaɗai ya zauna har ƙarshen rayuwarsa, Allah kuma ya ba su 'ya'ya bakwai, biyu suka rasu suna ƙanana. Mukarrama mace ce mai kaifin baki da tsabtar hannu. Ita ce take kula da wankin kwanuka da jera mazarƙwaila a buhu, tare da matan unguwa da ake kai wa aikin har cikin gidajensu.

Shekarun bunƙasa

Malam Inuwa ya rasu a shekarar 1989, sana'a ta dawo hannun Safiyanu yana da shekara ashirin da uku. Ya ƙara kasko biyu a kan ukun da ya gada, ya yi rumfar kwano, ya kuma buɗe wa maƙwabta ƙofa su kawo nasu raken a matse a dafa musu. Kafin shekarar 2005, manoma goma sha ɗaya ne suke da ranakunsu a injinsa, kowa ya san ranar da zai sara da ranar da zai kawo, ba a taɓa barin dami ya kwana biyu a ƙasa ba. Daga watan Nuwamba zuwa Maris mutum goma sha huɗu ne suke aiki a wurin, ban da masu jakai da masu baro, ban da mata masu koko da ƙosai da ɗanwake waɗanda suke aiko da abincinsu bakin fadama. Fatake daga Kano da Zariya da Gusau sukan jira kayansa ranar kasuwar Maƙarfi, domin mazarƙwailarsa ba ta narkewa a hanya. Samarin unguwar ba su san tafiya cirani ba, saboda aikin rani yana nan a ƙofar gidansu.

Duk tsawon waɗannan shekaru babu mai babbar riga ko mai kwat da ya taɓa tako ƙafa ya tambaye shi yadda yake yi. A daminar 2016 ruwa ya cinye kwalbatin da ke kan hanyar fadama, motoci suka daina shiga, aka koma turo kaya a baro tafiyar kusan mil guda. Ya kai kuka duk inda ya san ana kai kuka, aka ce an ji. Shi da mutanensa ne suka riƙa cike wurin da buhunan yashi kowace kaka.

Zuwan masu tallafi

A watan Satumba na shekarar 2021 wata farar mota ta zo Gubuci ɗauke da ma'aikatan wani shiri daga birni, wanda aka ce an kafa shi domin ƙarfafa ƙananan sana'o'in karkara. Jagoransu wani matashi ne mai suna Zayyad, mai fara'a da daɗin baki, wanda ya durƙusa har ƙasa ya gaida Malam Safiyanu a gaban mai gari. Ya ce sun ji labarinsa, sun zo su ji abin da yake bukata. Malam Safiyanu ya ce kasko biyu sun huje, yana son sababbi, sai kuma kwalbati.

Zayyad ya yi dariya ya ce, “Haba Baba, kasko? Wa zai taso tun daga birni don ya ƙaddamar da kasko? Mu inji za mu ba ka, mai aiki da man gas, wanda zai cinye a wuni ɗaya abin da dokin nan yake yi a kwana ashirin. Kai dai ka gode wa Allah.”

“Alhamdu lillahi. Amma yallaɓai, dokin nan bai taɓa ce mini babu mai a gari ba.”

Aka yi dariya, aka wuce maganar, kamar yadda ake wuce maganar talaka in ya faɗi gaskiya. Sharaɗin da suka kafa shi ne a tumɓuke tsohon inji, a zuba daɓen siminti a daidai wurin, a ɗaga rumfa, kuma kada a ga doki ranar buki, domin a cewarsu ba a haɗa doki da zamani a hoto ɗaya. Mai gari ya ce wannan alheri ne ya zo wa Gubuci gaba ɗaya, bai kamata mutum ɗaya ya mayar da shi ba. Malam Safiyanu ya duba fuskokin dattawan da ke zaune, ya ji nauyin a ce shi ne ya kunyata gari a gaban baƙi, ya ce ya amince. A watan Oktoba ya sayar da dokin, ya sayar wa 'yan gwangwan injin mahaifinsa a kan kilo, ya sayi siminti da kwano ya yi duk abin da aka ce.

Saran rake

An sa ranar Litinin, 6 ga watan Disamba, 2021, domin ƙaddamar da sabon inji. Saura kwana huɗu Zayyad ya bugo waya ya ce babban baƙo zai zo da 'yan jarida, saboda haka yana son a tara rake tsibi guda mai tsawon da zai rufe rumfa, ba 'yan damman da za a raina ba. Malam Safiyanu ya ce masa ba a saran rake sai inji yana tsaye. Zayyad ya rantse da Allah cewa injin yana kan mota, kuma kafin magaribar Litinin ba za a bar kara ɗaya ba a matse ba.

Da Malam Safiyanu ya shiga gida ɗaukar adda, Mukarrama ta tsaya a ƙofar ɗaki ta ce, “Malam, shekarata talatin da uku a gidan nan, ban taɓa ganin ka ɗauki adda murhu yana sanyi ba. Ka ga injin da idonka?”

“Yaron ya rantse, Mukarrama.”

“Rantsuwa ce za ta matse raken?”

“Na riga na ba da baki a gaban mai gari. So kike a ce Safiyanu ya yi magana biyu?”

Ya ɗauki addarsa ya fita. Ranar Asabar da Lahadi aka sare gonarsa ƙarƙaf. Abin da ya fi ci masa rai daga baya shi ne, da raken nasa bai kai tsawon da ake so ba, shi da kansa ya bi manoman nan goma sha ɗaya gida gida ya roƙe su su sare nasu, tara daga cikinsu suka sare, ba don sun yarda da baƙi ba, sai don ba su taɓa jin ƙarya a bakinsa ba.

Ranar Litinin aka share fili, aka jera kujeru, mata suka yi girki, aka jira har la'asar. Sai ga saƙo cewa babban baƙo ya yi tafiyar gaggawa, an ɗaga buki zuwa Alhamis. Malam Safiyanu ya roƙi a kawo injin ko ba baƙo, a fara aiki, in ya so ranar buki a yanka zare. Aka ce masa ba a taɓa inji kafin mai girma ya taɓa shi. Ranar Alhamis aka sake ɗagawa zuwa Talata. Ya nemi ya kwashe raken zuwa injinan Ɗandamisa, Zayyad ya ce idan tsibin ya ragu za a ɗauka ba a shirya ba, a kai injin wani gari. Kwana goma raken yana zube a rana, ƙudan zuma da tururuwa suna biki a kansa, warin tsami yana kai wa har masallaci. Kullum da safe Malam Safiyanu yakan karya kara ɗaya ya tauna ya tofar, ya koma gida.

Ranar Talata, 14 ga wata, injin ya iso, kore sharr, da jan zare ɗaure a jikinsa. Babban baƙo ya zo bayan azahar, ya yi jawabi a kan yadda ƙananan sana'o'i suke zama ƙashin bayan arzikin karkara, aka tafa. Aka sa wa Malam Safiyanu wata hula mai tambarin shirin, aka tsayar da shi gaban tsibin rake aka ce ya yi murmushi. Aka tayar da inji ya yi aikin da bai kai rabin sa'a ba. Motar baƙo tana juya baya, sai ga ƙarti suna kwance injin suna mayarwa kan mota. Zayyad ya ce za a kai shi a yi masa rajista, ya dawo jibi.

“Jibi?” in ji Malam Safiyanu. Wannan ce rana ɗaya tilo da mutanen Gubuci suka ji ya ɗaga murya. “Zo ka tauna! Zo ka tauna abin da ka sa na yi wa mutane! Kai ko rake ka taɓa shukawa?”

Zayyad ya ce, “Baba, a yi haƙuri, umarni ne daga sama.” Ya shiga mota ya ɗaga gilashi.

Ranar Alhamis, 16 ga wata, ƙanin Mukarrama ya bugo waya daga Taba yana murna cewa su ma an ƙaddamar musu da inji a wani ƙauye kusa da su, kore, mai ɗan lanƙwasa a murfin tankin mai. Malam Safiyanu ya san wannan lanƙwasa, domin a gabansa aka buge murfin wajen saukewa. Mako na gaba aka ji labarinsa a wani ƙauye na ƙasar Ikara. Inji ɗaya ne ake yawo da shi gari gari kamar kayan aro na amarya, a ɗauki hoto a naɗe. A cikin duk garuruwan, Gubuci ce kaɗai ta sare raken shekara guda saboda shi.

Abin da ya biyo baya

An kwashi abin da za a iya kwasa zuwa Ɗandamisa a kan jakai da a-kori-kura. Aka matse, aka dafa, ya ƙi daskarewa, ya tsaya ruwa ruwa kamar maɗi mai tsami, babu mai saye. Irin raken kuwa siriri ne na dahuwa, ba wanda ake sha a kasuwa ba. Abincin shekara na gida goma ya tafi a banza, aka zuba wa shanu abin da suka iya ci, sauran aka cinna masa wuta.

Daga cikin manoman akwai waɗanda suka ce ƙaddara ce, akwai waɗanda suka daina amsa gaisuwarsa. Hamisu, abokinsa tun makarantar allo, wanda ya sare kadada guda a kan maganarsa, ya tare shi a ƙofar masallaci ya ce, “Sarkin dahuwa, ganin hadari ya sa wanka da kashi! Ina hular? Ai da ka sako ta mu gani, ita ce ribarmu.” Malam Safiyanu ya sunkuyar da kai ya ce, “Na cancanci fiye da haka, Hamisu.” Daga ranar ya bar sahun gaba inda ya saba tsayawa, ya koma bakin ƙofa.

Tsakanin Janairu da Yuni na shekarar 2022 ya je ofishin shirin a birni sau huɗu. Sau biyu aka ce oga yana taro, sau ɗaya aka ba shi takarda ya cike, na huɗun ya tarar an mayar da wurin shagon sayar da labule. Lambar Zayyad ta daina shiga. Ya bi sawun 'yan gwangwan ko zai fanso injin mahaifinsa, aka ce tuni an narkar da shi. Ya tambayi kuɗin wani tsohon irinsa da doki, ya tarar ko ya sayar da fadamar gaba ɗaya da ƙyar ta isa, in kuma ya sayar babu inda zai shuka rake.

A kakar 2022 ya koma ɗan ƙwadago a Ɗandamisa, yana juya kasko a injin Salman, mutumin da ya yi shekara goma sha biyu yana aiki a ƙarƙashinsa. Salman ya girmama shi, bai taɓa bari ya ɗauki kaya ba, amma tafiyar kullum da tsayuwa gaban wuta sun fi ƙarfin shekarunsa. A Gubuci kuwa mutum goma sha huɗun nan suka watse, masu ƙosai suka sauke kaskonsu, da yawa daga cikin manoman suka daina rake suka koma masara, samari suka fara cika motocin Abuja da Legas da zarar an gama girbi.

Rashin lafiyarsa da rasuwarsa

Hawan jini ya kama shi a shekarar 2023. A watan Mayu na 2024 ya yanke jiki ya faɗi a hanyar fadama, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Ya yi wata tara a kwance, Mukarrama tana jinyarsa. Hamisu ya zo dubiya sau ɗaya, ya zauna a bakin tabarma ya riƙe masa hannun da yake motsi, ya ce ya yafe duniya da lahira, su biyun suka yi kuka. Sauran manoman takwas kuwa, Malam Safiyanu ya sa an kira su ɗaya bayan ɗaya ya nemi gafararsu, bakwai suka zo.

Allah ya karɓi ransa da safiyar Juma'a, 7 ga watan Fabrairu, 2025, daidai da 8 ga Sha'aban 1446, yana da shekara hamsin da takwas. An yi masa salla a ƙofar gidansa da hantsi, limamin unguwa ya ja, aka kai shi maƙabartar Gubuci aka binne shi kusa da mahaifinsa. Ranar addu'ar bakwai wani ɗan acaɓa ya kawo wasiƙa a cikin ambulan mai sunansa. Daga wani sabon shiri take, mai sabon suna da sabon tambari, wanda ya gaji takardun tsohon. Suna taya shi murnar shekara uku da mallakar inji, suna gayyatarsa birni ya yi wa matasa jawabi a kan sirrin nasararsa, da sharaɗin ya zo da samfurin mazarƙwaila. Aka karanta wa Mukarrama daga bayan labule, tana cikin takaba. Ta ce a mayar musu da ita, a kwatanta musu hanyar maƙabarta, in ya so su je da mai hotonsu.

Iyalin da ya bari

Ya rasu ya bar matarsa Mukarrama da 'ya'ya biyar da jikoki goma sha ɗaya. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa kurakuransa, ya bi masa hakkinsa a kan waɗanda suka ci.

Huzaifa, babban ɗansa, wanda ya iya dahuwa kamar ubansa, yana tura baro a wata kasuwa a Abuja. Murja tana aure a Kudan. Bilya yana gadin wani kamfani a Legas, bai sami jana'iza ba. Samira tana aure a Ikara. Ramla, autarsa, tana gida tare da mahaifiyarta, suna yin alewa a ƙaramar tukunya suna sayar wa yaran unguwa, da farin sukarin da suke aunowa gwangwani gwangwani a shagon bakin titi.